Fuska a Fili: Ƙa'idar Hoton Takardu a Ƙasar Polan

A Polan manyan takardun hukuma da ke ɗauke da fuskar mutum ma'aunin hotonsu ɗaya ne: faɗi milimita 35, tsawo milimita 45. Fasfo, katin shaidar ɗan ƙasa, biza, katin zaman baƙi, duk haka abin yake. A Warso, babban birnin ƙasar, na lura cewa kusa da ofisoshin da ake karɓar takardu ba a rasa ɗan shagon mai hoto, kuma kafin ka zauna sai ya tambaye ka takardar da kake nema.

Sharuɗɗan ba su da wuyar haddacewa. Hoton ya kasance mai launi, wanda bai wuce wata 6 da ɗauka ba, bayansa fari fes babu inuwa. Fuska ta cinye kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hoton. A dubi kyamara ido da ido, baki a rufe, babu murmushi, gashi bai rufe ido ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 an ɗaga musu ƙafa a kan rufe baki da natsuwar fuska, don kowa ya san ba a ba jariri umarni.

Da ba haka ake yi ba. Kafin watan Maris na 2015, hoton katin ɗan ƙasa sai mutum ya ɗan karkata kai, kunnen hagu ya fito sosai. Wani dattijo mai hoto ya shaida mini cewa har yau akwai tsofaffin da suna zama a kujera sai su juya masa kunne, sai ya lallashe su su dube shi. Abin da ya kawo canjin shi ne na'ura. Tun 2006 Polan ke ba da fasfo mai ɗauke da bayanan mai shi a cikin ɗan guntun lantarki, a Disambar 2007 kuma ta shiga yankin Shengen inda ake ƙetare iyakoki ba bincike. Kwamfutar da ke tantance matafiyi tazarar idanu da tsarin fuska take aunawa, ba ta gane wanda ya ba ta gefe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun rufe kai. Asalin doka, ba hula ba ɗankwali. Amma an buɗe ƙofa ga mai rufe kai saboda addini, muddin fuska ta fito gaba ɗaya. Ɗan ƙasa zai haɗa da takardar shaida daga ƙungiyar addinin da ke da rajista a Polan. Baƙon da ke neman katin zama kuwa, bayani a rubuce daga hannunsa cewa shi mabiyin addinin ne ya wadatar. Wanda jinya ko haɗari ya sa shi rufe kai shi ma an yi masa uzuri, haka mai lalurar ido da ke sa baƙin tabarau, idan ya kawo shaida.

Na raka wata ɗaliba 'yar gida ɗaukar hoton katin zamanta, lokacin kwafi 4 ake haɗawa da takardar nema a ofishin lardi. Tun a hanya hankalinta a tashe yake. Ta ce, "Kawu, in suka ce sai na cire hijabi fa?" Na ce mu je dai mu ji. Matar da ke shagon ba ta ko ɗaga gira ba. Roƙonta ɗaya, a ɗan ja mayafin baya yadda goshi da haɓa da kumatu za su bayyana. Ta gyara fitila har sau da dama, domin baƙar fata a gaban farin bango tana bukatar haske mai kyau, in ba haka ba kamannin su dushe.

Wannan sassauci ba daga sama ya faɗo ba. Musulmi 'yan ƙabilar Tatar suna wannan yanki tun ƙarni na 14. A 1679 Sarki Jan Sobieski ya ba su filaye a gabashin ƙasar, kuma masallatansu na katako a ƙauyukan Bohoniki da Kurushiniyani suna nan tsaye, ana salla a cikinsu. Ƙungiyarsu ta addini an kafa ta a 1925, doka ta amince da ita a 1936. A ganina wannan tsari adalci ne: hukuma ta samu fuskar da take bukata, mace ta tsira da suturarta. Sai dai ina ganin neman takarda daga ƙungiya nauyi ne ga ɗan ƙasar da ke zaune nesa da kowane masallaci. Da an yarda da kalmarsa kamar yadda aka yarda da ta baƙo, da ya fi.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen namu masu neman biza ta ofishin jakadancin Polan da ke Abuja. Masu hotonmu, don su faranta wa mai ciniki, sukan haskaka fata, su goge tabo, wani ma ya share tsagen gado da ke kumatu. A hoton biki wannan ado ne, a hoton biza kuwa ɓarna ce, domin abin da aka goge shi ne abin da ake gane mutum da shi. Hoto guda da aka ƙi karɓa na iya jawo asarar ranar ganawa da kuɗin mota, ɗalibi ma ya makara shiga aji.

Don haka mai shirin tafiya, ka gaya wa mai hoto tun kafin ya ɗaga kyamara: 35 da 45, farin bango, kada ya taɓa komai a fuskarka. 'Yar'uwa kuma ki sa hijabinki, ki dai bar goshi da haɓa a buɗe.