Rediyon da ke sauya baki a hanyar Maigatari

Duk wanda ya taɓa shiga Golf daga Gumel ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya san wannan rigimar. Ana tsaka da jin labarai, dillalin shanun da ke gidan gaba ya kasa kunne, sai muryar ta shaƙe, shuuu ya biyo baya, can sai ga wani daban yana ta zuba. Direba ya ɗaka wa rediyon duka da tafin hannu, ya ce ai tsufa ne.

Sau da yawa rediyon ba shi da laifin komai. Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar suna can bakin inda muryar tashoshin FM na Kano da Dutse ke isa a gajiye, ga na Nijar suna leƙowa ta arewa. FM kuwa ba ya raba kunne biyu: in tashoshi biyu suka haɗu a mita ɗaya, wadda ta fi ƙarfi ce ke danne 'yar uwarta ɗungurungum. Freedom Radio ta Kano da ta Dutse duk a 99.5 suke, shi ya sa shiri kan iya juyewa a kan hanya alhali lambar da ke fuskar rediyon ko motsi ba ta yi ba.

Motocin Kwatano da suka fito daga Turai kuma da tasu cutar. Akwai wani ɗan maɓalli mai rubutun AF, aikinsa shi ne da zarar murya ta yi rauni ya tafi neman tashar a wata mita. A Jamus wannan gata ne. A hanyar Maigatari kuwa sai ya yi ta yawon neman abin da babu, yana yanke wa mutane magana. A kashe shi, a kashe maƙwabcinsa TA, a huta.

Wanda kullum da safe yake tarar da tashoshin da ya ajiye sun goge, ya tuhumi wanda ya ɗaura masa rediyon. Wayoyin wuta biyu ne a bayansa: rawaya mai jan wuta daga batir dare da rana don riƙe ajiya, da ja wadda sai an murɗa makulli. A yawancin Golf gurbin wayoyin nan a juye yake, in mai gyaran waya ya soke sabon rediyo kai tsaye, kashe mota ke da wuya komai ya tafi. Musanya su aikin minti biyar ne.

Motar Amurka kuma a AM take ba da kunya: tana tsallake da goma-goma, mu kuwa a nan tara-tara ake tafiya, don haka ba ta zama daidai a kan 729 ta Rediyon Kano ko 594 ta Kaduna.

Saura ƙananan ɓarayi: eriyar da lodin buhuna ya karya a saman mota, soket ɗinta da gargada ta sassauta, ƙurar hunturu da ta cika maɓallai, da cajar waya mai arha da ke ƙugi cikin lasifika.

Direbobin Gumel, kafin ku kai kuɗin balas ɗin kwana uku wajen sayen sabon rediyo, ku fara zare cajar nan ku saurara.