Tsakanin Oyingbo da Tashar Jirgi

A wajenmu ƙiba alamar jin daɗi ce, shi ya sa 'yan uwa ke cewa Ikko ta karɓe ni. Ba su san a kan kujera nake sallah ba, kuma 'yan acaɓa kallona suke su wuce.

Da likita ya ambaci hawan jini da ciwon suga, na rage burodin Agege da shayi mai kauri. Barin lemon kwalba ya fi ba ni wuya. Bayan asuba nakan taka daga kasuwar Oyingbo zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mobolaji Johnson da aka buɗe a 2021, in dawo da gumi.

Tela ya rage mini riguna. Na koma shago, ni ke sauke kayana da kaina.