Kyamarar Fim da Abin da Za Mu Nuna wa Jikoki

Jama'a, masu yi mini tsiya a kan tsofaffin kyamarorina, yau ga amsarku gaba ɗaya. Kullum tambayar ɗaya ce: wai ana fama da tsadar masara da rashin tsaro, kai kuma kana kashe kuɗi a kan fim, alhali wayar aljihunka ta fi ta iya hoto? Gaskiya ne, ta fi ta sauri da araha. Amma ku ɗan saurare ni.

Biyu gare ni. Akwai Pentax K1000, wadda Japanawa suka fara ƙerawa a 1976, har zuwa 1997 ana yin ta. Ƙarfe ce zalla, batirinta na auna haske ne kawai, ko ya mutu tana ɗauka. Ɗayar Yashica ce da na saya wurin wani dattijo mai hoto a Sabon Garin Gusau, lokacin da ya rufe shago. Fim guda hoto 36 yake ci, don haka kafin ka danna sai ka tambayi kanka ko abin ya cancanta.

Riƙon su a ƙasarmu sai da haƙuri. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Ba a goge gilashin da gefen riga, don ƙurar nan yashi ce, karce shi za ta yi. Sai ka fara hure ta da 'yar robar hura iska. Da damina kuma danshi ke sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashin kamar saƙar gizo, in ta daɗe ta ci shi ke nan. Shi ya sa nake tara 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, in zuba a roba mai murfi tare da kyamarar. Batiri kuwa cire shi ake yi in za a ajiye, kada ya zubar da ruwa. Soson da ke bakin murfin baya, mai hana haske shiga, shi ma ruɓewa yake da tsufa, ni da kaina nake yanka sabo in liƙa.

Fim ba ya son zafi, ga wutarmu kun san halinta, to gindin randa nake ajiye nawa cikin gwangwani. Baƙi-da-fari nake ɗauka, don shi nake iya wankewa a gida. Maganin wankin yana son ruwa mai sanyin digiri 20, a Gusau kuwa da bazara zafi kan haura 40. Sai dai a nemi ƙanƙara, ko a bari sai da asuba.

To duk wahalar nan don me?

Ku tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Hotunan da muke taƙama mun ajiye a intanet, makonni ba mai iya buɗe su. Wannan ma mai sauƙi ne. Ku tambayi 'yan'uwanmu da suka gudo daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu. Wata uwa da muka zanta da ita a Gusau ta ce mini hoton ɗanta da aka kashe a waya kawai yake, wayar kuma ta tafi a daren da aka tashe su. Ba ta da abin da za ta nuna wa marayun da ya bari. Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Shi nagetif ba ruwansa da caji ko lambar sirri. In aka wanke shi da kyau aka adana a busasshen wuri, zai kai jikoki, ɗaga shi kawai za su yi a rana su ga fuskar kakansu. Seydou Keïta na Bamako ya buɗe shagon hoto a 1948, yana ɗaukar mutanen gari irin su ni da ku. Don ya adana nagetif ɗinsa, yau duniya na kallon yadda mutanen Mali suka yi ado a wancan zamani. Ɗan'uwansa a sana'a, Malick Sidibé, har babbar lambar yabo ya karɓa a Banis ta Italiya a 2007.

Mu fa? Jirgin ƙasa ya iso Gusau tun wajen 1929, an yi zamanin gyaɗa da auduga da masaƙa. An ƙirƙiri jihar nan ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma masu hoto da fim suka ɗauki murnar. Ina nagetif ɗin? Da na tambayi dattijon da ya sayar mini da Yashica, cewa ya yi gara da ɗigon ruwa sun gama da nasa.

Ina so in ɗauki Dutsen Kwatarkwashi da hantsi, da 'Yandoto garin malamai, da masu hada-hada a kasuwar Tsafe. Wasu na samu, wasu kuwa hanya ta hana. Ko a cikin gari, mai rataye da kyamara yanzu kallon infoma ake yi masa, kuma ban ga laifin kowa ba, wanda ya sha wuya dole ya yi tsoro. Don haka ba na ɗaga ta sai na yi sallama na nemi izini, ba na ɗaukar shingen jami'an tsaro, wanda na ɗauka kuma in na wanke sai na kai masa nasa.

Ban ce kowa ya sayi kyamarar fim ba. Roƙona biyu ne. Ku zaɓi hoto goma na iyaye da 'ya'ya daga wayarku, ku kai a buga a takarda, ku rubuta suna da gari da shekara a baya. Sannan ku duba adakar Inna da akwatin Baba. In kun ga baƙar leda mai hudoji a gefe, don Allah kada a ba yara su yi wasa da ita. Ku yi mini magana, zan zo in nuna muku yadda ake adana ta, ba ko sisi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya maida kowa garinsu lafiya, Ya ba Zamfara zaman lafiya. Amin.