Hoton Bango da Wutar Kasuwa

Muna yara, fastar ƙofar sinimar Plaza ta Fagge ce ke cinye mana kuɗin tara. Bana na ɗora laccata kan gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 a YouTube, masu kallo ba su cika aji guda ba. Ƙanena mai haɗa bidiyo ya sauya hoton bangon: ga ni baki buɗe, wuta a bayana, an rubuta "Asiri ya tonu!" Nan take jama'a suka yi ca.

Sai wani dattijo da rumfarsa ta ƙone ya tare ni bayan Azahar: "Malam, na kalla har ƙarshe. Wa ya cinna mana wutar?" Alhali ban zargi kowa ba. A daren na mayar da tsohon hoton. Har yau ƙanen nawa fushi yake da ni.