Malamin Lissafin Mahaifina

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya koya mini lissafi ba tare da ya ambaci wani Ba'indiye da ya karantar da su a sakandare a Potiskum ba. A shekarun 1970 irinsu suka riƙe mana darussan lissafi da kimiyya. Da darajar naira ta faɗi a 1986, da yawansu suka tattara nasu ya nasu suka tafi. A Ingila kuwa 'yan'uwansu sun zauna, har jikansu Rishi Sunak ya zama Firayim Minista a 2022.

Bayan rasuwar mahaifina na bi dattawan Fika ina neman cikakken sunan malamin, don in aika wa iyalinsa wasiƙar godiya. Kowa ya tuna bulalarsa, amma ban sami wanda ya riƙe sunan ba.