Iko da Amana a Ikilisiyar Methodist

A tsarin ikilisiyar Methodist, magana ta ƙarshe tana hannun Babban Taro, inda fastoci da wakilan masu bi suke zama tare. Asalin abin daga Ingila ne. John Wesley ya kira taron masu wa'azinsa na farko a Landan a 1744, kuma muddin yana raye shi ne wuƙa shi ne nama. Amma a 1784 ya sa hannu a takardar doka da ta miƙa ragama ga masu wa'azi 100 bayan ransa, ya rasu a 1791. Tun kafin wannan, a Bristol a 1742, bashin ginin ɗakin sujada ya sa aka raba masu bi rukuni-rukuni na mutum kusan 12, kowa yana ba da kwabo ɗaya a mako ta hannun jagoran rukuninsa. Jagoran da ya je karɓar kwabo shi ne ya zama mai tambayar lafiyar ruhun mutanensa. Lissafin kuɗi da kiwon rayuka sun tashi tare a wannan ikilisiya, kuma dattawan da suka daɗe a cikinta sun san idan ɗaya ya lalace, ɗayan ba ya daɗewa.

A yau bishop ne ke tura fasto wurin aiki, ya kuma ɗauke shi. Wannan iko ne mai nauyi ƙwarai, domin a ƙarƙashinsa akwai gidan da faston zai zauna, da makarantar 'ya'yansa, da abin da zai shiga tukunyarsa. Faston da ya san alƙalami ɗaya zai iya jefa shi ƙauyen da babu hanyar mota yakan haɗiye tambayar da ya kamata ya yi game da baiko da zakka. Shi ya sa kundin dokokin ikilisiyar United Methodist ya raba kujerun Babban Taro daidai tsakanin fastoci da sauran masu bi, ya kafa majalisar shari'a mai mutum 9, ya kuma ce gine-gine da filaye amana ce da ake riƙe wa ikilisiya gaba ɗaya.

Najeriya ta gwada wannan tsari har sau biyu. Ikilisiyar da Thomas Birch Freeman ya kawo Badagry a 1842 ta samu cin gashin kanta a 1962. A 1976 aka kawo sabon tsarin mulki wanda ya ɗaga Farfesa Bolaji Idowu zuwa muƙamin Fatriyak, da manyan bishop-bishop a ƙarƙashinsa. Wani ɓangare ya ƙi, ya riƙe tsarin 1962, yana ganin an tara iko da yawa a sama. Sai a 1990 aka sulhunta, aka ajiye wancan laƙabi, Sunday Mbang ya ci gaba da jagoranci da sunan Firelet. Shekarun da aka ɓata ba a kan Littafi Mai Tsarki aka ɓata su ba, a kan wa ke da ikon yanke magana ne.

Gwaji na biyu ya fi ɗaci, kuma a ƙasar da ake wa'azi da Hausa ya faru, wato Jalingo da Bambur da Zing a jihar Taraba. An zaɓi John Wesley Yohanna bishop na United Methodist a 2012, wani ɓangare ya daɗe yana ƙorafi a kan zaɓen. Bayan Babban Taron Charlotte a Amurka ya cire haramcin naɗa masu neman jinsi ɗaya a 2024, Yohanna ya koma ikilisiyar Global Methodist a watan Yuli, waɗanda suka zauna kuma suka zaɓi Ande Emmanuel a Disamba. A cikin watan Disambar ne aka rasa rayuka a Munga Dosso ta ƙaramar hukumar Karim Lamido. Rikicin koyarwa ya tarar da tsohon miki, sai ya koma rikicin makullan majami'u da kotuna, tsakanin mutanen da aka yi wa baftisma a rafi ɗaya.

Hausawan unguwar New Bell ta birnin Duwala a Kamaru, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, su ma sun ga irin wannan a wurin maƙwabtansu Kiristoci, ko da yake maƙwabtan ba 'yan Methodist ba ne. Ikilisiyar Bishara ta Kamaru, mai hedikwata a unguwar Akwa ta Duwala, ta yi zaɓen shugaba a Ngaoundéré a 2017. Aka ce Jean Samuel Hendje Toya ya ci, Richard Priso Moungole ya ƙi yarda da ƙidayar, magana ta kai gaban alƙalai. Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin adashi ko asusun masallaci ya san wanda ya faɗi zaɓe yana iya haƙura idan an ƙirga ƙuri'a a gabansa. A Duwala sai da aka shafe fiye da shekara 5 a rabe, kafin taron Bangangté ya zaɓi Alexandre Billa Mbenga a ƙarshen 2022.