Ɓera da Motar da Aka Ajiye

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da aka mayar da ita gida. A cikinta akwai gado, da murhun gas, da ƙaramin firji, da famfo, har da banɗaki. Iyali kan shiga su yi ta yawon hutu a watannin zafi, duk inda dare ya yi musu su tsaya su kwana. Da sanyi ya fara kamawa wajen watan Oktoba, sai a kai ta bayan gida ko wani fili a kulle, ba za a waiwaye ta ba sai dusar ƙanƙara ta narke. A wannan tsakanin ne ɓera yake tarewa.

Ranar da aka dawo aka buɗe ƙofa, wari ne yake fara tarbar mutum, warin fitsari mai hawa kai. A ja durowar cokula, sai a ga baƙin kashi ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a warwatse. An yagi gefen katifa, an kwashe soso, an haɗa da takardar goge hannu an yi sheƙa a bayan firji. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar tana inda ido ba ya kaiwa: wayar lantarki da aka gwaigwaye har jan ƙarfenta ya fito, da bututun ruwa da aka huda, wanda ba za a sani ba sai an kunna famfo ruwa ya malale daɓen motar.

Ta ina ya shiga, alhali ƙofa da tagogi a rufe suke? Ƙaramin ɓera yana iya kurɗawa ta kafar da faɗinta bai wuce milimita 6 ba, wato kaurin fensir. Ƙasan irin wannan mota kuwa cike yake da huji: inda bututun gas ya ratsa, inda wayoyi suka shiga, inda ruwan wanke-wanke yake fita. Yakan hau ta taya, ko ta igiyar wutar da aka jona motar da ita. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa ba ya rabuwa da gwaigwaya. Macensa kuma cikin mako uku take haihuwa, 'ya'yan su isa haihuwa cikin kusan mako shida. Biyu da suka shiga a farkon hunturu, kafin ƙarshensa sun zama zuriya.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓurɓushin biskit a ƙarƙashin kujera, ragowar taliya a leda, sabulu, har abincin kare da aka manta, duk kira ne gare shi. Saboda haka masu kula da motarsu da gaske sukan fara da kwashe duk abin ci, su share, su goge, su fitar da barguna da tawul da takardu. Daga nan mutum ya kwanta a ƙarƙashin motar da tocila, ya bi kowace kafa ya cusa mata soson ƙarfe ya liƙe, domin ɓera yana cin roba da soso da katako amma ƙarfe ya fi ƙarfinsa. Kafar da aka yi don shan iska ba a toshe ta, musamman ta gas, raga mai ƙananan idanu ake sa mata. A ajiye motar a kan siminti nesa da ciyawa da tarin itace, a ɗana tarko a jikin bango inda yake bi, a riƙa leƙawa.

Ana ta sayar da man na'a-na'a da wasu na'urori masu ƙarar da kunnen mutum ba ya ji, wai suna korarsa. Ƙanshi yana gushewa, ƙara kuma ɓera yana sabawa da ita. Kamfanin Honda ma yana sayar da wani tef mai sinadarin barkono da ake naɗe waya da shi, amma wayar da aka naɗe kaɗai yake karewa. Guba kuwa ba na goyon bayanta ko kaɗan. Ɓeran zai ci ya shige tsakanin bango ya mutu, a rasa yadda za a fito da shi, ko mage ko mujiya ta cinye shi ita ma ta halaka.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. A shekarar 2012 mutum goma sun kamu da cutar hantabairus a gandun dajin Yosemite da ke Kalifoniya, uku suka rasu. Mafi yawansu sun kwana ne a wasu ɗakunan tanti masu bango biyu, inda ɓeraye suka yi sheƙa a tsakanin bangon. Cutar tana shiga ne ta ƙurar busasshen kashi da fitsari. Shi ya sa hukumomin lafiya a can suke hana sharewa a bushe. A buɗe ƙofofi iska ta shiga na minti 30, a sa safar hannu, a jiƙa wurin da ruwan bilic, a jira kaɗan, sannan a kwashe.

Mu ma nan ba mu tsira ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Motar da ta yi watanni a tsakar gida ana jiran kuɗin gyara, ko wadda aka ɗauko masara da gyaɗa da ita aka bar tsaba a but, ita ma masauki ce. Duk mai irin wannan mota ya share ta, ya riƙa ɗaga bonet yana dubawa, ya tayar da ita lokaci zuwa lokaci. In kuma ya ga kashin ɓera a ciki, kada ya sa tsintsiya sai ya jiƙa.